Rauni a Saman Jiki

Talata, 22 ga Afrilu, da hantsi

Kulob ya fitar da sanarwa: Timo Rautio ya ci gwajin likita, shi zai tsare raga ran Juma'a a wasan farko na zagayen ƙarshe. An kira abin da ya same shi "rauni a saman jiki."

Timo ƙanena ne. Shekararsa talatin da biyar, ya fi goma yana tsare wa ƙungiyar Maƙeran Port Halden raga a wasan hoki, wanda ake yi a kan ƙanƙara, ana buga ɗan faifan roba da sanda. Ni labaran kotu nake rubuta wa jaridar garin nan, ba na taɓa shafin wasanni, saboda shi. Amma ina cikin 'yan kallo ran Asabar, kuma na ga abin da kowa ya gani. Wani ɗan wasan gaba ya taho a guje kan ƙanƙara, aka taɗe shi, gwiwarsa ta sami Timo a gefen kai. Hular kwanonsa ta cire ta yi gefe. Ya kwanta rigingine, hannu ɗaya a sandare a sama kamar mai tsayar da tasi. Hannun nan ne ya ƙi fita daga idona.

A hoki, saman jiki yana farawa daga ƙugu ya ƙare a gashin kai. Shaidan da ya ba da amsa mai faɗin haka a kotu, alƙali zai sa ya sake.

Laraba, 23 ga Afrilu, da la'asar

Na kai musu burodin pulla mai zafi. Rana na haskawa a waje, amma duk labulen gidan a sake. Matarsa Colette ta buɗe mini ƙofa, ta ce, "Yana hutawa," tun ban tambaya ba.

Yana kishingiɗe a falo, hular hana-salla ta rufe masa ido, talabijin a kashe. Gemun da 'yan wasa suke bari tun farkon wasannin cin kofi ya cika masa fuska.

"A'a, Alƙaliya da kanta! Sammaci kika kawo?"

"Burodi na kawo, ƙaton banza. Me ya sa kuke zaune a duhu kamar jemagu?"

"Colette ce ba ta son ganin gemun nan. Ta ce in ba zan aske ba, to a kashe fitila."

Colette ta yi dariya, amma a makare.

Na ce, "Ya kan?"

"Wane kai? Kafaɗa ce."

"Kafaɗar ce ta cire maka hula?"

"Kin gani ko, Colette? Shi ya sa samari suke gudunta. Ka ce mata ina kwana, ta ce kawo shaida."

Ya tambaye ni ko ƙanƙarar tafki ta fara fashewa a wajen bukkarmu. Na ce ta fara daga bakin rafi. Muka yi hirar wasu abubuwa. Da na miƙe zan tafi ya sake tambayata, da kalmomin ɗazu, da muryar ɗazu. Na dubi Colette. Tana goge teburin da ta riga ta goge.

Na ce ta fara daga bakin rafi.

Alhamis, 24 ga Afrilu, da azahar

Na aika wa Colette saƙo, na ce ko akwai abin da take son gaya mini. Ta amsa da hoton babban yatsa.

Asabar, 26 ga Afrilu, da safe

Mun ci 'yan Fort Ansell uku da ɗaya jiya. Wanda ya fara cin wasa huɗu shi zai ɗauki kofi.

Zan rubuta gaskiya: ya yi wasa mai kyau. Akwai wani bugu da ya cafke a sama yana rabin kwance, dandali ya ɗauka gaba ɗaya, Ti-mo, Ti-mo, har benci yana rawa a ƙarƙashina.

Bayan hutun farko ana sauya gefe, yaro ɗan shekara biyar ma ya san haka. Timo ya fito ya miƙe zuwa ragar da ya bari, ya fara kankare ƙanƙarar gabanta da takalmi yadda yake yi kullum. Sai da golan Fort Ansell ya iso ya taɓa shi da sanda. Mutane suka fashe da dariya. Shi ma ya ɗaga hannu, ya rusuna musu kamar mai wasan kwaikwayo. Ban taɓa ganin ya yi wannan kuskuren ba, ko lokacin da muke yara a kan tafki.

Shekara shida da suka wuce, lokacin da ake ɗura mini maganin cutar daji, akwai hotonsa a bangon ɗakin da ake zaunar da mu. Hoton shekarar da ya yi wasa da muƙamuƙi a karye ne, an ɗaure haƙoransa da waya, miya kawai yake zuƙa. Ba ni na liƙa shi ba, can na tarar da shi. Tsofaffin ma'aikatan masana'anta sukan nuna shi da haɓa su ce wa juna, in dai yaron nan ya tashi, mu ma za mu tashi. Na yi shekaru ina karanta tarihin 'yan dambe da masu tsere, na san yadda ake gina irin wannan labari, na san inda ake yanke shi. Duk da haka da hoton nan na jimre. Idan amai ya taso sai in dube shi in ce, ɗan uwana ne wannan, jininmu ɗaya.

Ban taɓa tambayar kaina me ya faru da muƙamuƙin bayan an ɗauki hoton ba. Har yau gefe ɗaya yake tauna.

Litinin, 28 ga Afrilu, da hantsi

Sun rama jiya. Ɗaya da ɗaya.

Gord Yakimchuk, mai rubuta mana wasanni, ya kira kuskuren ragar nan "sabon camfin Rautio." Na same shi a kicin ɗin ofis yana juya gahawa da bayan biro.

"Camfi, Gord?"

"Rautio babba, golan da ba shi da camfi ba a haife shi ba tukuna."

"Ka tambaye shi?"

"Na tambayi koci."

"Ashe ka yi bincike mai zurfi."

Ya rufe ƙofa da ƙafa. "Saurara. Ki rubuta kalmar 'kai' a jarida yau, gobe duk faifan da 'yan Fort Ansell suka samu, sama za su ɗaga shi. Su watsa masa ƙanƙara a fuska, su faɗo masa a ka, su ce santsi ne. Kina zaton don mugunta ake cewa saman jiki? Kare shi ake yi. Ni da ke ba mu ga komai ba."

Maganarsa gaskiya ce, kuma na tsani hakan. Idan na rubuta, na nuna musu inda za su buga. Idan na yi shiru, na zama ɗaya daga cikinsu.

Amma kuma Gord a bas ɗin kulob yake tafiya, da su yake cin abinci. Ya daɗe yana cewa zai rubuta littafi a kan Timo idan ya ajiye wasa, kuma littafi irin wannan kofi yake so a babin ƙarshe. Ban ce shi ya sa ba. Na dai lura.

Talata, 29 ga Afrilu, da la'asar

Na je wurin Baba a gidan kula da tsofaffi. Sun yi wa zauren ado da kalar kulob, kowace keken guragu da 'yar tutarta. Wata ma'aikaciya ta ce ranar wasa ne kawai ba mai ƙin cin abinci.

Baba ya yi wa ƙungiyar masana'anta wasa shekaru da yawa, zamanin da ba a sa hular kwano. Da can yakan yi alfahari cewa sau uku ana fitar da shi a sume, sau uku yana komawa. Shekararsa sittin da tara. Yau ya ɗauka ni ce mai kawo wanki, ya yi mini godiya da ladabi, ya ce in kula da safarsa mai ruwan toka.

Likitoci ba su taɓa cewa ga dalili ba. Ni ma ba zan ce ba.

Alhamis, 1 ga Mayu, da safe

Mun sha kashi a Fort Ansell jiya. Biyu da ɗaya, su ke gaba.

Colette ta kira. Tunda yana can wani gari, bakinta ya ɗan buɗe.

"Leena, ran Litinin na aike shi sayen madara. Ya dawo a ƙafa, da madarar a hannu."

"Motar fa?"

"Tana gaban kanti, a kunne, ƙofa a buɗe. Mai kantin ne ya kira ni. Da na tambaye shi sai ya ce motsa jiki yake. Har da dariyarsa."

"Yana amai?"

Sai da na kira sunanta.

"Colette."

"Yana kunna famfo don kada in ji."

Na ce mu je wurin likita mu biyu. Nan take muryarta ta sauya, ta koma irin wadda take yi wa matan sauran 'yan wasa. "Ke ba ki san yadda abin yake ba. Ni zan zauna da shi bayan an gama, ba ke ba. In na hana shi wannan, har ya mutu ba zai yafe mini ba. Ban gaya miki komai ba, kin ji ko? Gajiya ce ta sa ni surutu."

To me ya sa ta kira? Ko dai so take ni in yi abin da ita ba za ta iya ba, laifin ya hau kaina. Ko kuma tsoro ne kawai. Wataƙila ita ma ba ta sani ba.

Juma'a, 2 ga Mayu, da azahar

Dakta Ferland, likitan kulob, ya zo kotu ba da shaida a wata shari'ar haɗarin mota. Na tare shi a baranda.

Ya ce ba zai tattauna lafiyar majiyyaci ba. Na ce ba jarida ce ke tambaya ba, yayarsa ce. Ya gyara tabarau ya ce ƙa'ida a fili take: kowane ɗan wasa yana yin gwajin ƙwaƙwalwa a kwamfuta a watan Satumba, yana lafiya lau. Idan ya bugu sai a sake gwada shi, a auna da na Satumba. In ya kai, ya koma wasa.

"Kuma Timo ya kai?"

"Ya ma wuce, Malama Rautio. Ki kwantar da hankalinki."

Ya wuce. Mutumin da ya manta mota a kunne ya fi kansa na Satumba kaifin tunani.

Na sha ganin masu ƙarya a barandar nan. Ferland bai yi kama da su ba, ya fi kama da wanda ya ji daɗin samun lamba da zai tsaya a bayanta. Amma wani ya taɓa sakamakon nan. Ko shi, ko Koci Maltby, ko wani a ofishin kulob. Tun azahar nake jera su a raina ina sake jerawa.

Asabar, 3 ga Mayu, da safe

Biyu da biyu. Rediyo ya ce Timo ne ya ɗauki ƙungiyar a bayansa.

Lahadi, 4 ga Mayu, da yamma

Ba Ferland ba ne. Ba Maltby ba ne.

Yau muka buɗe bukkar tafki. A gidanmu Lahadin farko ta Mayu ake hura sauna ta farkon shekara, wato ɗakin wankan tururi, ko da wasa ko babu. An ba su hutun yini, ya zo. Colette ce ta tuƙo.

Shi ya faskara itace, shi ya hura wuta, duwatsu suka yi zafi. Timo da yakan riga kowa shiga, ya fi kowa daɗewa, ya fito ya faɗa ruwa ko da ƙanƙara na yawo a kai, yau ya ce shi dai zai zauna a matakala ya sha iska. Da baƙin tabarau a fuskarsa, ga hadari ya rufe rana.

Na zauna kusa da shi. Na ce na ga Ferland.

"Kash. Bawan Allah. Kin sa shi a akwatin shaida?"

"Ya ce ka fi na Satumba. Wa ya gyara maka sakamakon?"

Ya yi dariya sosai, har ya dafe kai, sannan ya yi saurin sauke hannun. "Alƙaliya, duk karatunki? Ba wanda ya gyara na yanzu. Na Satumba ne gyararre."

Ban gane ba, sai da ya yi mini dalla-dalla.

"A zaunar da kai gaban kwamfuta, a nuna maka kalmomi a ce ka tuna, a ce in ka ga ja ka danna. Sabon shiga ne kawai yake zage dantse. Shekarata ta farko na kusa cinye duka, ina ta washe baki. Wani tsohon ɗan baya ya ja ni gefe ya ce, yaro, ka cuci kanka, duk ranar da aka buge ka da wannan makin za a auna ka. Tun daga nan, duk Satumba daƙiƙi nake zama. In ga ja, in ƙirga ɗaya a raina, sannan in danna. A nuna mini kalma goma in tuna shida. Fasaha ce, kin sani. In ka cika daƙiƙanci na'urar tana ganewa."

"Wato da kanka a fashe ka fi daƙiƙin da ka ƙirƙira."

"Kin ga kuwa daƙiƙin ya yi mini rana."

"Su waye suka sani?"

"Kowa. Ba wanda ya sani. Kin gane ai."

Na lissafa masa abin da na gani: ragar da ya ɓata, tambayar da ya maimaita, labule. Ban ambaci mota ba, don kada ya san daga inda na ji. Na ce masa bugu na biyu kafin na farko ya warke shi ne wanda mutane ba sa tashi daga shi.

Ya daina dariya. "Wasa uku ya rage, in ya yi yawa. Daga nan na ajiye, na rantse. Garin nan bai ga kofi ba tun kafin a rufe masana'anta. Kin san abin da mutane suke ce mini a kanti? Kin san nawa ne suke kuka a kafaɗata?"

"Su yi kukansu. Ba kansu ba ne."

"Ke da bakinki kika ce ni na tashe ki daga gadon asibiti."

"Likitoci ne suka tashe ni."

"Ba haka kika ce ba a lokacin."

Gaskiya ne, ba haka na ce ba.

Na ce, "Ka je wurin Baba kwanan nan?"

Ya miƙe ya ƙara itace a wutar da ba ta buƙata. Daga can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Abin da aka faɗa a bakin sauna, a nan yake zama. Dokar gidanmu ce, ba ni na kafa ta ba."

Litinin, 5 ga Mayu, da hantsi

Hukumar gasa tana da likitarta, wadda ba ta cin albarkacin kowane kulob. Tana da ikon zaunar da ɗan wasa ko da ya ci gwaji, in tana da dalili. Ba a bugawa a jarida, don haka 'yan Fort Ansell ba za su ji ba. Lambar tana shafin hukumar, ƙasa-ƙasa, da ƙananan baƙaƙe.

Dalilin da zan ba ta ɗaya ne, kuma mutum ɗaya Timo ya gaya wa shi: ni.

Litinin, da la'asar

Na kira lambar. Na'ura ce ta ɗauka. Na faɗi sunana cikakke.

Laraba, 7 ga Mayu, da safe

Ba wanda ya kira ni. Ya yi wasa jiya. Biyu da nema, ko faifai ɗaya bai wuce shi ba. Uku da biyu, saura mana ɗaya.

Daf da tashi suka taso masa su biyu, shi kaɗai. Ya jira, ya jira, sai da na gaba ya miƙa wa na gefe, sannan ya zame ya tare da tsinin takalmi. Ban san lokacin da na miƙe ba. Da na dawo hayyacina ina ihun sunansa, na rungume wani mutum da ban sani ba, maƙogwarona yana zafi.

Wannan fa ni ce, wadda ta yi waya ran Litinin.

Na daɗe ina tunanin abin da muke zuwa nema a dandalin nan. Muna cewa ƙarfin gwiwa muke samu daga gare su, kuma da gaske muna samu, ni shaida ce. Amma ƙarfin nan daga jikin wani ake ɗebo shi. Mu koma gida da shi mu kwanta, shi ya koma gida ya kunna famfo.

Ko hukumar ta ji saƙona ta danne? Zagayen ƙarshe da Timo a raga ya fi daɗin kallo. Ko wani a can ya riga ya kira Maltby? Da na wuce ta gaban ofishin kulob, mai gadin ƙofa bai amsa gaisuwata ba. Wataƙila bai ji ba ne.

Alhamis, 8 ga Mayu, da azahar

Ta kira. Murya a natse, ba ta ɓata lokaci. Ta yi mini tambayoyi yadda ni ma zan yi wa wani: me na gani da idona, me aka gaya mini, yaushe. Da na zo kan maganar Satumba ta ce ba yau ta fara jin irinta ba, amma yau ta fara jin ta da suna.

Ta ce ta nemi kulob ya zaunar da shi gobe. Sun ce ya ci gwaji bisa ƙa'ida, ba za su zaunar da shi a kan jita-jita ba. Ba za ta iya tilasta musu ba sai ta duba shi da kanta, ido da ido, ba kwamfuta. Tana can gabar yamma, sai Asabar za ta iso.

Kafin ta ajiye ta ce, "Ba don ke kaɗai zan zo ba. Ke ce ta biyu da ta kira a kansa."

Na ce wa ya riga ni. Ta ce kamar yadda ba za ta faɗi sunana ba, haka ba za ta faɗi nasa ba.

Nasa ta ce, ko kuwa ni na ji haka?

Juma'a, 9 ga Mayu, da safe

Wa ya riga ni kira? Colette, da ta ce ba ta gaya mini komai ba. Ferland, don ya wanke hannunsa. Gord, wanda ya fi kowa kallonsa kurkusa. Sabourin, ƙaramin gola, da yake zaune a benci tun kaka yana jiran rana irin wannan. Kowa na duba sai in ga zai iya.

Akwai mutum na biyar, Timo da kansa, amma ban yarda in sa rai ba.

Asabar, 10 ga Mayu, da safe

Uku da uku. Gobe a nan gida za a ƙare.

A rediyo na saurara. A kashi na biyu faifai ya same shi a tsakiyar hula, har ƙarar ta fito ta lasifika. Mai sharhi ya ce, "Rautio ya girgiza kai, ya ce ba komai, wannan mutum da ƙarfe aka ƙera shi." Bayan nan aka zura masa uku a jere.

Asabar, da la'asar

Ya kira. Bai ce Alƙaliya ba.

"Leena. Wata mata ta zo daga hukuma. Ta sa na tsaya da ƙafa ɗaya, ido a rufe. Ta sa na bi yatsanta da ido. Ta ce in karanto watanni daga Disamba zuwa baya."

"Ya ka yi?"

"Sannan ta ce in ba ta labarin Satumba."

Ya ci gaba a hankali.

"A bakin sauna, Leena."

"Na sani."

"Ko musu ba za ki yi ba?"

"A'a."

Na ji numfashinsa. Na ji muryar Colette daga nesa tana cewa ya zauna. Na so in gaya masa ba ni kaɗai ba ce, amma wannan neman sauƙi ne, kuma in Colette ce ɗayar, da ita zai kwana a gida ɗaya.

Ya ce, "Na tsaya a Satumba. Watannin. Na zo Satumba na rasa me ke bayansa. Ki yi dariya mana."

Ya kashe.

Lahadi, 11 ga Mayu, da hantsi

Na je atisayen safe. Gord ya shigar da ni ta ƙofar 'yan jarida, bai tambaye ni komai ba, abin da ya sa na ƙara zarginsa.

Likitar ta miƙa wa hukuma rahotonta. Ba za a ji komai ba sai an fitar da sunayen 'yan wasa da yamma. Maltby ya ce wa 'yan jarida gololinsa biyu lafiyarsu ƙalau, sauran bayani su tambayi matarsa. Aka yi masa dariya.

Timo ya fito da cikakken kaya. Na lura duk faifan da abokansa suka buga masa ƙasa-ƙasa ne, ba wanda ya ɗaga ko zuwa ƙirji. Ba a gaya musu komai ba, in ji Gord.

Gord ya ce in sa ido a ƙofar fita. Ranar wasa, golan da zai tsare raga shi yake fara barin ƙanƙara don ya huta, ɗayan ya tsaya 'yan benci su yi ta gwada hannu a kansa. Ya ƙara da cewa Maltby ya taɓa juya abin don ya ruɗe abokan gaba, kada in ɗauka an gama.

Can Timo ya tsallaka zuwa ɗaya ragar. Ya daɗe yana yi wa Sabourin magana a kunne, yana nuna masa kusurwar hagu, inda katakon bango yake dawo da faifai a karkace. Ya daki matashin ƙafar yaron da sanda sau biyu. Sabourin ya gyaɗa kai, ya nufi ƙofa, fuskarsa ta yi fari fat. Timo ya koma raga ya tsaya har aka tashi.

Na jira shi a lungun fita. Ya taho yana tafiyar agwagwa cikin kayan nan, hula a hannu, yana runtse ido saboda fitila. Na ɗauka zai wuce.

Ya ce, "In muka sha kashi, garin nan zai san sunanki. Ba daga bakina ba. Amma zai sani."

"Na sani. Ka ci abinci?"

Gemun ya ɗan motsa. "Ke dai ba ki da kunya."

Ya shige ɗakin sauya kaya, aka rufe ƙofa.

Sabourin ne ya fara barin ƙanƙara. Kulob bai tabbatar ba tukuna.